Yadda Za a Tsara Koyar da Tangale, Tera da Waja a Jami'o'in Gombe

Da wuya sashen harsuna ɗaya ya iya ɗaukar ƙwararre ga kowane harshe. Abin da ke yiwuwa shi ne mai kula da shiri guda, masanin kimiyyar harshe, tare da masu harshen da za su riƙa shiga aji. Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere za su iya amfani da manhaja ɗaya, kowace ba sai ta fara daga tushe ba.

A fara da neman gurbi. Tsarin manhajar jami'o'i na CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa (NUC) ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhaja ta tsara da kanta. Nan kwas ɗin zai shiga, awa 2 a mako. A sami amincewar majalisar jami'a tukuna, in ba haka ba makin ɗalibai ba zai hau takardar sakamako ba.

Sai rubutu, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Tangalen Kaltungo da na Billiri suna da bambanci, don haka a tara malamai da dattawan ɓangarorin biyu a tsayar da karin harshen da za a rubuta, a kuma karɓi kowanne a baka. Kada a bar wannan sai an shiga aji, gardama za ta cinye zangon. Ƙamusun Tangale na masanin harshe Jungraithmayr na 1991 zai taimaka wajen wasula masu ɗigo a ƙasa. A sa Keyman, wato kibod ɗin buga haruffa na musamman, da salon haruffa na Charis SIL a kowace kwamfuta, a mayar da takardar jarrabawa PDF kafin a kai wa mai bugawa, don sau da yawa haruffan nan kan rikiɗe su koma akwatuna.

Aikin mai harshe magana ce da gyaran furuci. Bayanin nahawu na mai kula da shiri ne, kuma su zauna awa ɗaya kowane mako su shirya darasi. A ba mai harshen takardar ɗaukar aiki ta wucin gadi tun kafin a buɗe makaranta. Manomin Deba (garin Tera) ko Talasse (garin Waja) da ya iya harshensa ba lallai yana da digiri ba, ofishin kuɗi kuma ba ya biyan wanda ba ya cikin takarda. Wata biyu ba alawus, zai koma gonarsa, kuma da gaskiyarsa.

A raba waɗanda suka tashi da harshen a gida da sababbin shiga, kada rukuni ya wuce mutum 15. Hausa ce za ta yi ta kutsowa, saboda kowa ya iya ta. A ware mata minti 10 na ƙarshe don tambayoyi.

A jarrabawa, a ba magana kashi 40: hirar minti 10 da kowane ɗalibi, a naɗa a waya, mutum biyu su ba da maki kowa daban, sannan a adana sautin don mai duba jarrabawa na waje.