Yadda Za Ka Nemi Takardun Aikin Gwamnati a Sakkwato

A ce an kafa allon aikin rijiyar burtsatse a unguwarku, ko a wani ƙauye na Wamakko, amma har yau ba ruwa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011, ta ba ka damar ganin takardun aikin.

Da farko, ka ɗauki hoton allon da wayarka. A nan za ka ga sunan hukumar da ta ba da kwangilar, kuma ita za ka rubuta wa.

Sai wasiƙar, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kada ka cika ta da ƙorafi ko zargi. Ka faɗi ainihin abin da kake so: nawa aka ware, wane kamfani aka ba, nawa aka biya shi zuwa yanzu, yaushe ya kamata a gama. Ba sai ka faɗi dalilinka ba, doka ba ta ɗora maka wannan ba. Ka ambaci dokar, ka sa adireshinka da kwanan wata.

Ka yi kwafi 2. Ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayan. Ni dai ba na barin ofis sai an buga, domin daga ranar ake fara lissafi.

Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, kuma tana iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. Kuɗin kwafi kawai za ka biya.

In sun yi shiru ko sun hana ka, kana da kwana 30 ka kai maganar Babbar Kotu. Ka tafi wa lauya da kwafinka mai hatimi.