Yadda za ki tsaya wa ƙawarki idan soyayyarta ta tsaya cak

Wadda aka rabu da ita ta san abin da take wa kuka. Amma wadda saurayi ya bari a tsakiya, ba gaba ba baya, yau ya ce sai ya samu aiki, gobe ya ce a ƙara masa lokaci, jibi ya ɗauke ƙafa sati biyu ba kira ba saƙo sannan ya dawo kamar ba abin da ya faru, wallahi irin wannan damuwar tana cin mutum a hankali ne, kuma mutane ba sa ganinta a matsayin damuwa tunda ai "ba a rabu ba".

Abu na farko dai ki saurare ta, ki yi shiru ki bari ta gama. Na san bakin mutum har ƙaiƙayi yake ya ce "ki yi haƙuri, komai lokaci ne", kuma gaskiya ne lokaci ne, amma ta ji wannan maganar daga wajen mutum goma kafin ke, idan kika yi saurin faɗa sai ta ji kamar kin rufe mata baki. Aminiyata ta taɓa kirana wajen ƙarfe 1 na dare, ta ce ta tura masa saƙo tun azahar a WhatsApp, alamar nan biyu sun koma shuɗi, tana ganinsa onlayin amma shiru. Ba abin da na ce sai "ina jin ki ƙawata, ci gaba". Mun kai kusan awa ɗaya, da ta gama kukan da kanta ta ce bari ta kwanta.

Kar ki zage shi. Ko da ranki ya ɓaci, ko da kina ganin mayaudari ne, ki riƙe bakinki, saboda har yanzu tana sonsa, kuma ranar da suka shirya ke za ta fara ɓoye wa magana don kunyar abin da kika faɗa, shikenan kin rasa ta daidai lokacin da ta fi buƙatarki. Ki yi magana a kan abin da ya aikata: "wannan shirun da yake miki bai kyauta ba, kina da haƙƙin ki san matsayinki." Haka kuma kar ki yi mata alƙawarin da ba naki ba, irin su "wallahi zai dawo", ba ki shiga zuciyarsa kin gani ba.

Inda za ki fi yi mata amfani shi ne ki taya ta raba abin da ta sani da abin da take zato. Mai jira kansa cike yake da fassara, ya sa sitatus to da wa yake, ya canza hoto to me yake nufi. Ki tambaye ta a hankali, me ya faɗa miki da bakinsa? Yaushe? Ya cika ko bai cika ba? Sau nawa ya ɗaga maganar? Idan ta jera su da kanta sau da yawa hoton yakan fito fili ba sai kin ce komai ba. Daga nan ki ƙarfafa mata gwiwa ta tambaye shi kai tsaye, ido da ido ko a kira, ba a rubuce ba, tambaya ɗaya tak: ina muka dosa, kuma zuwa yaushe? Ta kuma yanke wa kanta iyakar lokacin da za ta iya jira, wata uku ne ko shida, ita za ta zaɓa ba ke ba, kuma ba sai ta faɗa masa kamar barazana ba.

Sai kuma ki riƙa janyo ta waje, ku fita, ku yi hirar da babu sunansa a ciki, ki tuna mata karatunta ko sana'ar da ta yi watsi da ita. Kuma dan Allah ki daina tambayar "ya kira?" duk haɗuwa, ta isa ta faɗa miki da kanta. Sirrinta kuwa ya tsaya a wajenki, ko wata ƙawar taku ce ta tambaya.

Ki sa ido sosai. Idan ta wuce sati 2 ba barcin kirki, ba ta cin abinci, ta daina jin daɗin duk abin da take so a da, ko kika ji ta fara cewa gara ma ta mutu ta huta, to abin ya wuce lallashi, kar ki bar ta ita kaɗai kuma kar ki ce sirri ne, ki samu wani babba da ta yarda da shi ki faɗa masa, ki raka ta ganin likita da kanki.