Haɗa tsohuwar motar tsere da takarda: inda aikin yake ɓaci da yadda ake gyara shi

Yawancin motocin takarda da ake ɓatawa, ba a wurin manne ake ɓata su ba. Tun kafin a buɗe robar gam an riga an yi ɓarnar: a shagon buga takarda, a wurin zaɓen kwali, ko wurin lanƙwasa bodi. Gam riƙewa kawai yake yi. Abin da bai ɗauki siffarsa tun a hannu ba, gam ba zai ba shi ita ba, sai dai ya riƙe shi a karkace.

Za mu yi misali da Mercedes-Benz 300 SL, wadda ƙofofinta ke buɗewa sama. An fara nuna ta a birnin Niyok a 1954, kuma 1,400 kacal aka ƙera zuwa 1957. Mun zaɓe ta ne saboda lissafinta ba ya wahala: daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya milimita 2,400 ne, saboda haka a ma'aunin 1:24, wato an rage girman motar sau 24, zai ba ka milimita 100 cif. Tsawonta duka ya kama milimita 188, faɗi kuma wajen 75.

Amma mu faɗi gaskiya tun yanzu: wanda bai taɓa haɗa mota ba, kada ya fara da ita, kada kuma ya fara da Jaguar E-Type ta 1961 mai dogon bonet. Jikinsu duk lanƙwasa ne ta kowane ɓangare, takarda kuwa ta hanya ɗaya take lanƙwasuwa a lokaci guda. Lamborghini Countach ta 1974 ta fi dacewa da sabon hannu, domin jikinta kusan duk fale-fale ne da kusurwoyi. Ka gama ɗaya irinta, sannan ka dawo.

Tun daga shagon bugawa

Kuskuren farko shi ne barin mai kwamfuta ya buga yadda ya saba. Zane-zane da yawa da ake samu a intanet an tsara su ne a kan takardar Amurka mai milimita 216 da 279, mu kuwa a Kumasi A4 muke da ita, mai 210 da 297. Idan aka danna "Fit to page", kwamfuta za ta rage zanen zuwa kashi 97 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Da duka shafukan za su ragu daidai wa daida, da sauƙi. Matsalar tana zuwa ne ranar da ƙofa ɗaya ta lalace, ka je wani shagon a Adum ko gefen jami'ar KNUST aka sake buga maka shafin a kashi 100. Sabuwar ƙofar ba za ta shiga ba, domin a tsawon motar an samu bambancin kusan milimita 6. Ka ce a sa 100%, ka tafi da rularka, ka auna tazarar tayoyin a shafin farko kafin a buga sauran. In ba ta kai 100 ba, a dakata. Kuma ka sa a buga shafukan bodi sau biyu a zama ɗaya, a inji ɗaya, don launin ma yakan bambanta daga inji zuwa inji.

Injin kansa yana da magana. Mai aiki da tawadar ruwa launinsa yana shiga cikin takarda, ba ya fashewa a ninki, amma ɗigon gam ko gumin yatsa zai sa ya zuba. Mai aiki da hoda kuwa launinsa a saman takarda yake zaune. Ruwa ba ya damunsa, sai dai yana tsagewa a kan layin ninki ya bar farin zare. In na tawada ne, ka bar shafin ya kwana, ka fesa masa siririn banish marar launi kafin yanka. In na hoda ne, ka tanadi alƙalami mai launin motar don rufe tsagar.

Kwali da kwanciyar zarensa

Takardar ofis mai giram 80 ba ta ɗaukar bodi. Tana shan gam ta yamutse. Wasu kuma don gudun haka sai su sayo kwali mai giram 250 ko 300, irin na katin biki, sai ya ƙi lanƙwasuwa, ya rabu gida biyu a ninki. Abin da ya dace da bodi shi ne giram 160 zuwa 180, wanda kaurinsa yake wajen milimita 0.2. Ƙananan sassa da ake naɗewa, kamar bututun hayaƙi da sandar sitiyari, su ne ke son giram 80. Haƙarƙarin ciki, wato sassan da bodi ke zama a kansu, da shasi kuwa sai an manna su a kan kwali mai kaurin da zanen ya faɗa, galibi milimita 1. A nan ma ana yin ganganci: mutum ya ɗauko kwalin da ya samu mai milimita ɗaya da rabi, haƙarƙari su yi ƙiba, bodi ya ƙi haɗuwa a ƙasa. In ba ka da abin awon kauri, ka tara guda goma ka auna da rula. Su ba ka santimita 1.

Ga abin da mutane da yawa ba su taɓa ji ba, alhali shi ne ke raba bonet mai santsi da mai gwiwoyi. Zaren da ke cikin takarda yana kwance ne ta fuska ɗaya. Ka riƙe shafi ka ɗan tanƙwara shi ta tsawo, sannan ta faɗi. Za ka ji ɗaya ta fi taushi. Ta wannan mai taushin ake son sashe ya lanƙwasu. In ka tilasta masa ta ɗayar, maimakon baka mai kyau sai ka samu ƙananan karaya a jere. A fakitin A4 zaren yakan bi tsawon shafi, amma kwalin da aka yanko maka daga babban falle a shagon ɗab'i yana iya zuwa ta kowace fuska, ya danganta da yadda mai yankan ya ɗora shi. Ka gwada kowane falle. In rufi ko bonet ya faɗo a kan zaren da bai dace ba, a juya zanen a kwamfuta a sake buga wannan sashen kaɗai.

Yanka ba shi da dogon bayani. Reza mai kaifi, rular ƙarfe, ja biyu ko uku marasa ƙarfi maimakon ɗaya mai nauyi. Da zarar gefen yanka ya fara yin gashi, reza ta dakushe. A ja layin ninki kafin a yanke sashen daga shafi, da bayan wuƙa ko biro da tawadarsa ta ƙare, ba da kaifi ba. Kuma a rubuta lambar kowane sashe a bayansa da fensir, domin madgadin hagu da na dama kamarsu ɗaya har sai an manna su a inda ba nasu ba.

Lanƙwasa, inda aikin gaske yake

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu gyaran bodi a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ga ba a walda ƙarfe sai an buga shi ya zauna da kansa. Haka ake yi wa takarda. Ka ɗora sashen a kife a kan abu mai ɗan taushi, sabon silifas na roba ya isa, ka riƙa murza shi da sandar fensir ko jikin kusa mai santsi, kaɗan-kaɗan, har ya naɗe ya ɗan zarce yadda ake so. Idan ka sake shi zai dawo daidai. Sai ka gwada shi a kan haƙarƙari ba gam. In sai ka danne da yatsa yake zama, bai yi ba tukuna, a koma kan silifas.

Wuraren da suka lanƙwasa ta fuska biyu, irin kafaɗar madgadi da bayan 300 SL mai zagaye, mai zanen yakan tsattsaga su gida-gida ya sa musu 'yan kunnuwan manne. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne amfani da kunnuwan yadda suke. Kunne yana sa gefe ɗaya ya hau kan ɗaya, sai a samu matakala mai kaurin kwali a kowace mahaɗa, motar ta fito da ɓawo-ɓawo. A jikin da ido zai gani, ka yanke kunnuwan ka zubar. Ka yanko siririyar takardar giram 80 mai faɗin milimita 5 ko 6, ka manna rabinta a bayan gefe ɗaya, sannan ka kawo ɗaya gefen ya yi karo da shi baki da baki. In ya bushe, ka kifa shi a kan roba ka goge mahaɗar daga ciki da bayan ƙaramin cokali. Tudun zai kwanta, wurin ya yi kumburi mai kyau. In kwalin ya yi taurin kai, hucin baki a bayansa ya wadatar. Ruwa kai tsaye yana raba shi.

Kafin kowane manne, a shafa wa farin bakin yanka launi. A yi daga bayan takarda, da gefen alƙalami, don in hannu ya goce kada ya zana fuskar motar. Launin ya ɗan fi na bodi haske, domin bakin takarda yana shan tawada ya yi duhu. Ga mota mai ruwan azurfa, fensir na gama-gari ya fi komai.

Farin gam na kafintoci shi ne na wannan aiki, kuma cutarsa ɗaya ce: yawa. Ruwa ne a cikinsa, takarda kuwa tana kumbura da ruwa. Ka ɗiga kaɗan a murfin kwalba, ka ɗauka da tsinken sakace, ka shimfiɗa har ya kusa ɓacewa, ka haɗa ka riƙe da hantsaki daƙiƙa 20 zuwa 30. In ya ɓullo ta gefe, ya yi yawa. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana yin fata kafin ka gama shafawa, don haka a riƙa yin gajerun mahaɗai. Da damina kuwa, musamman Mayu da Yuni, sai ya nuna kamar ya kama alhali cikinsa ɗanye ne. Ka ninka lokacin jira, ka kuma ajiye shafukan da ba ka yanka ba a leda a ɗaure, don kwalin da ya sha laima yana ƙara faɗi. Gam na sitaci ko na ƙullun rogo kada ya kusanci aikin, abincin kyankyaso ne. Sufa gulu yana da amfani wuri guda: ɗigo ɗaya yana mai da ƙafar madubi ko bakin bamba tauri kamar roba. Amma tururinsa yana sa gilashi ya yi fari fat, kuma ba ya gyaruwa. Gilashin mota, wanda ake yankowa daga farar robar bangon takardu, da ɗan farin gam ake sa shi, daga ciki, kafin a rufe rufin.

Motar da ke tsaye da ƙafa uku

Wannan yana ɓata rai ƙwarai, domin sai a ƙarshe yake bayyana. Dalilinsa biyu ne. Ko dai shasi ya murɗe tun yana bushewa, ko kuma an manne gefe ɗaya na bodi gaba ɗaya kafin a taɓa ɗayan, ya ja motar wajensa. Shasi a kan abu mai shafe ake haɗa shi. Fallen gilashin taga na luba ya fi tebur aminci. A ɗora masa littafi ya kwana. Bodi kuma daga layin tsakiya ake fara shi, a yi santimita biyu a hagu, biyu a dama, ana dubawa ta gaba da ido ɗaya ko dogayen tudu biyu da ke kan bonet ɗin 300 SL suna tafiya daidai da tauraron Mercedes da ke hancinta.

In ya riga ya murɗe, a sa reza a buɗe mahaɗar ƙasa ta gefen da ya ja, a danne motar a kan gilashi, a sake mannewa da sabuwar siririyar takarda.

Tayoyi su ne na ƙarshe. Faifai mai faɗin milimita 28 yana son zagaye mai tsawon 88, kuma kowane ƙarin naɗi na kwali yana ƙara wajen milimita 1.3, abin da ya sa zagayen waje yake gazawa in an yi ciko a ciki. A yanka shi da ɗan rara, a gwada, a datse. Faifan a ninka su uku ko huɗu don kada taya ta lotsa, a huda tsakiya da allura kafin a faɗaɗa, a yi gindin taya da tsinken tsire. Wurin sawa, ka ɗora cikin motar a kan tarin kwali mai kaurin milimita 5 zuwa 6, ka bar tayoyin huɗu su sauka su taɓa gilashi da kansu, sannan ka sa gam. Ko shasi yana da 'yar karkata, wannan zai ɓoye ta.

Masu son ƙofofin 300 SL su buɗe, su yi tunani sau biyu. A motar gaske, ƙashin bututun ƙarfe da ya taso a gefe shi ya hana a yi mata ƙofa irin ta kowa, shi ne kuma yake riƙe da jikin. A ta takarda babu wannan ƙashin. Da ka yanke ƙofofin, abin da ya rage na rufi ɗan siriri ne a tsakiya, zai kuma lotsa. In dole ne, a ninka wannan tsakiyar da ginshiƙan gilashi da kwali daga ciki, a taurara su da sufa gulu tun kafin a sa gilashi, sannan a yanka.

Banish na ƙarshe a fesa shi daga nisan santimita 30, shafi biyu ko uku marasa kauri, a rufe gilasan da takarda, kuma ba ranar da hadari ya haɗo ba, don laima tana sa shi ya yi hazo. Bayan nan motar tana son akwati mai murfi, nesa da taga: rana tana cin jan launi da wuri, ƙurar hunturu kuma in ta shiga ramukan iska na bayan tayar gaba, sai da busasshen burushi mai laushi take fita. A jefa ƙunshin ƙwayoyin shan laima guda ɗaya ko biyu a ciki, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa canza su duk farkon damina.