Babi na Bakwai: Ɗan Wasa a Gida, Yadda Zai Rage Kitse Ya Ƙara Ƙarfi

Wannan babi na iyaye ne da yayye waɗanda ke da matashi ɗan wasa a gida, ko ɗan ƙwallo ne, ko mai gudu, ko mai kokawa. Ku karanta a hankali. In an zo wurin lissafi, kowa ya ɗauki biro ya yi da hannunsa.

A nan Makka da Jidda ƙwallo ta shiga jinin yaranmu, kuma da dalili. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Osama Hawsawi ne kyaftin ɗin Saudiyya, ga Omar Hawsawi da Motaz Hawsawi duk a tawagar. Yaron da ya ji wannan suna na Hawsawi, wato Bahaushe, dole ransa ya raya masa cewa shi ma zai iya. Burin mai kyau ne. Hanyar da wasu ke bi ce take tayar mini da hankali.

Ɗan ƙanwata yana da shekara 17 lokacin da kocinsu ya ce masa ya yi nauyi. Bai faɗa wa kowa ba. Sai ya daina cin abincin dare, ya riƙa naɗe cikinsa da leda a ƙarƙashin riga, yana fita gudu da la'asar, rana na dukan kwalta. Uwarsa ce ta kira ni.

"Yaya, ka zo ka ga ɗanka. Ya ƙi tuwo, ya ƙi shinkafa, sai ruwan shayi."

Na same shi zaune a bakin ƙofa, leɓensa ya bushe, ido ya faɗa. Ya ɗago rigar ya nuna mini ledar, zufa na ɗiga daga gefenta.

"Kawu, kilo 4 na sauke cikin sati biyu. Sikeli ne ya nuna."

Na tambaye shi yadda wasan jiya ya kasance. Ya sunkuyar da kai. Ashe ko minti ashirin bai yi ba jiri ya kama shi, aka fitar da shi.

Ga darasin farko: zufa ruwa ce da gishiri. Kitse ba ya fita ta fata. Abin da leda ta matse, shan ruwa zai mayar da shi. Sikeli kuwa yana auna komai a haɗe, ruwa da ƙashi da kitse da tsoka, ba ya ware wannan daga wancan. Mai kwana da yunwa yana rasa kitse, amma tsokarsa ma tana zagwanyewa, kuma da tsokar ake gudu, da ita ake tsalle. A garin da zafi ke wuce digiri 40, gudu da leda a jiki yana iya kai yaro asibiti, har ma ya fi haka muni.

To me za a yi? A fara da kwano.

Jiki yana gina tsoka da wani sinadari da ake kira furotin. Ana samunsa a ƙwai, nama, kaza, kifi, nono, wake da gyaɗa. Ɗan wasa mai ɗaga nauyi yana buƙatar kamar giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na jikinsa, kowace rana. Mu ɗauki yaro mai kilo 70. Rubuta: 70 × 1.6 = 112. Giram 112 ke nan a yini. A kula, ba nauyin naman ake nufi ba, abin da ke cikin naman ake nufi. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, ƙwai uku 18 ke nan. Kwanon ful, wato dafaffen wake na karin kumallo, kamar 13. Laban, wato nono, kofi biyu, 16. Tsokar ƙirjin kaza dafaffiya giram 150, kamar 45. Ƙaramin gwangwanin kifin tuna, kamar 20. Ku haɗa su ku gani. Duk abincin da muka sani ne, yana nan a shagon unguwa, kuma ya fi garin furotin na cikin roba mai tsada da samari ke saya arha. Tsirenmu ma, wanda mutanen Hijaz suka karɓa suna kiransa sireh, nama ne da ƙuli, furotin kan furotin, in dai an zaɓi marar kitse. A raba cin nan gida uku ko huɗu a yini, kada a tara shi a zama ɗaya.

Kada a hana yaro shinkafa ko burodin tamis ko tuwo. Su ne man da yake gudu da shi. Ranar kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da kaza, a rage tudun shinkafar kaɗan, a ƙara masa kaza da salak, a cire fatar kazar. Inda kitse ke shigowa a ɓoye shi ne lemon gwangwani da soye-soyen dare. Gwangwani ɗaya na lemo yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. A 2017 gwamnatin Saudiyya ta sa harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba, kashi 100 a kan abin shan da ake cewa na ƙara kuzari, amma har yau za ka ga yaro ya fito daga fili da gwangwani a hannu. Ɗan ƙanwata uku yake sha kullum. Da ya bar su kawai, rabin aikin ya yi kansa.

A bar ragin nauyi ya zo a hankali. Rabin kilo a sati ya isa, kuma ga wanda bai gama girma ba, ƙasa da haka ma ya fi. Gaggawa a nan tsoka take ci.

Sai atisaye. Tsoka ba ta girma sai an ɗora mata aikin da ya ɗan fi wanda ta saba. Sau uku a sati ya wadatar, da hutun yini ɗaya a tsakani. Ya tsuguna ya miƙe, bayansa a miƙe, dugadugansa a ƙasa. Ya kifa ciki ya tura ƙasa da hannu biyu ya ɗago jikinsa. Ya rataya a ƙarfe ya ja kansa sama. Kowanne sau 8 zuwa 12, ya huta, ya maimaita har zagaye uku. In ya yi masa sauƙi, a ƙara nauyi kaɗan. Wanda ba shi da kuɗin gidan motsa jiki, jarkar ruwa mai lita 10 kilo 10 ce, ya rungume ta a ƙirji ya tsuguna da ita. Amma ƙarfe mai nauyi, kada ya taɓa shi sai da wanda ya iya a tsaye a kansa. Kuma ya sani, atisayen ciki kaɗai ba ya narkar da tumbi, domin jiki ne ke zaɓen inda zai ɗebi kitse.

Lokacin zafi, a yi bayan Asuba ko bayan Isha. A duba fitsari: in ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Da azumi, a bari sai an sha ruwa, an ci dabino, abinci ya faɗa, sannan a yi, a kuma sa ƙwai ko laban a sahur.

Barci ne abin da ya fi ba mu wahala a garin nan, inda hira ke kaiwa biyun dare. Matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne tsoka ke gyara kanta. Uwa, ki karɓi wayar in dare ya yi, ko zai yi fushi.

Akwai allurai da ƙwayoyin kumbura jiki da ake sayarwa a ɓoye. Ina roƙonku da girman Allah, ku sa ido. Suna lalata hanta, suna taɓa zuciya, suna rage haihuwa, suna iya tsayar da tsawon yaron da bai gama girma ba. Wanda aka kama da su a gwaji, dakatar da shi ake yi daga wasa.

Ɗan ƙanwata ya koma cin abinci. Bayan wata uku sikeli bai motsa sosai ba, amma uwarsa ta kai wandunansa wurin tela a rage ƙugu, kuma yana buga wasa har a tashi.

Aikin gida: Ku aro tef ɗin awo na tela. Ku auna ƙugun yaronku daidai cibiya, da safe kafin ya ci komai. Ku rubuta lambar da kwanan wata a bayan littafin nan, ku sake aunawa bayan sati biyu. Sannan ku lissafa: yaro mai kilo 60, giram nawa na furotin yake buƙata a yini? Ku zo da amsar aji na gaba, tare da jerin abin da ya ci jiya daga safe zuwa dare.