Yadda nake kula da tsohuwar Pentax K1000

Kawuna ne ya bar mini wannan kyamara, samfurin da aka fara ƙerawa a 1976. Fim na farko da na kai wanki, hotunan suka fito da jan ratsi a gefe. Da na buɗe bayanta sai na tarar soson da ke tare haske ya narke, ya yi danƙo baƙi kamar kwalta. In ka ga haka, jiƙa tsinken sakace da ɗan sifirit, ka kankare shi sannu a hankali, sannan ka liƙa sabo. Labulen yadin da ke ciki kuwa, wanda ke buɗewa haske ya kai ga fim in an ɗauki hoto, kada yatsanka ya kusance shi ko kaɗan.

Idan allurar awon haske ta ƙi motsi, duba batirin, LR44 ne, ka goge mazauninsa in ya yi tsatsa. Kyamarar ba ta da makunni, muddin haske na shiga tana cin batir, don haka kullum rufe gilashin gabanta da murfinsa, ko batirin ya ƙare a banza.

Damina ce abin tsorona, domin laima na sa gilashi fumfuna. Nakan fitar da kyamarar daga jakar fata in ajiye inda iska ke ratsawa. Da hunturu, fara hure ƙura kafin ka goge, kada ta karce gilashin.