Kurakuran da aka fi yi wajen cire sitaci daga polisakaraid na doya

Mafi yawan busasshen garin doya sitaci ne, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, alhali polisakaraid ɗin (wato doguwar sarƙar sukari) da mai bincike yake nema, wanda yake cikin yauƙin doyar, ɗan kaɗan ne. Saboda haka ragowar sitaci ko ƙanƙanuwa ce tana iya ɓata sakamako, domin gwajin finol da asid ɗin salfa yana ƙirga kowane irin sukari ne ba tare da bambancewa ba.

Kuskuren farko yana faruwa tun wajen jiƙa garin. Da yawa sukan zuba shi kai tsaye cikin ruwa mai zafin digiri 90, nan take ƙwayoyin sitaci su kumbura su fashe kamar ƙullun da aka zuba wa tafasasshen ruwa ya zama koko, daga nan kuma raba su da yauƙin ya yi wuya. Sitaci ba ya narkewa a ruwan sanyi, don haka ya fi kyau a fara jiƙawa da shi, a juya a injin santirifuj mai sa gari ya kwanta a ƙasa, a zubar da farin da ya kwanta a ƙasa kafin a kai ga wuta.

Inda aka fi yin asara shi ne dogaro da alfa-amilez shi kaɗai. Wannan enzayim mai narkar da sitaci, irin wanda ake samu daga ƙwayar bakteriya Bacillus licheniformis, yana aiki sosai a digiri 90 zuwa 95 da pH wajen 6, amma haɗin alfa-1,4 na miƙaƙƙiyar sarƙar sitaci kawai yake yankewa, ba ya taɓa rassan alfa-1,6 na amilopektin, wato ɓangaren sitaci mai rassa. Abin da ya rage guntayen sitaci ne da ake kira dekstirin, kuma a nan ruwan aidin, wanda yake yin shuɗi idan akwai sitaci, yake yaudarar mutane: gajerun guntaye ba sa yin shuɗi, sai ɗalibi ya ga ruwan ya tsaya rawaya ya rubuta cewa sitaci ya ƙare. Idan aka zuba itanol ninki huɗu, manyan guntayen nan sukan kwanta tare da abin da ake nema, a auna su a matsayin polisakaraid. A ganina duk rahoton da ya nuna gulukos kusan zalla daga doya ya cancanci a sake dubawa. Gyaran shi ne a sauke zafi zuwa digiri 60, a mayar da pH wajen 4.5, a ƙara amiloglukosidez na Aspergillus niger, enzayim ɗin da yake mayar da guntayen gulukos, sannan a riƙa auna gulukos ɗin da yake fita har ya daina ƙaruwa.

Wasu kuma sukan ajiye ruwan a firiji ya kwana kafin su sa enzayim. Sanyi yana sa amiloz, wato ɓangaren sitaci marar rassa, ya sake ƙullewa ya gagari enzayim, don haka a yi narkarwar tun ruwan yana da zafi. A kula da ingancin enzayim ma, domin mara tsabta yana iya zuwa da wasu enzayim da za su sassare mannan, wato polisakaraid ɗin yauƙin da ake son tsirarwa.

Enzayim ɗin da aka zuba shi kansa furotin ne. A tafasa ruwan minti goma don a kashe shi, a cire shi ta hanyar Sevag, wato kulorofom kashi huɗu da butanol kashi ɗaya, sannan a yi dayalisis, wato tace ƙananan ƙwayoyi su fita cikin ruwa, a jaka mai ma'aunin ƙofa dalton 3,500 har gulukos ya daina bayyana a ruwan waje kafin a kwantar da itanol.