Kurakuran da Masu Mota Mai Ɗaki Suka Fi Yi a Hanyar Dempster

Hanyar Dempster ta faro ne kimanin kilomita 40 gabas da garin Dawson a yankin Yukon na ƙasar Kanada, ta miƙe arewa kusan kilomita 740 har garin Inuvik. An buɗe ta a 1979, kuma har yau tsakuwa ce da burji, ban da ɗan guntun kwalta a farkonta da ƙarshenta. A watan Nuwamba na 2017 aka ƙara mata wani reshe mai kilomita 138 zuwa Tuktoyaktuk, a bakin Tekun Arktik. Tun daga nan masu mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, suka ƙara yi mata tururuwa. Da yawansu sukan dawo da murna. Waɗanda suka sha wuya kuwa, in ka bincika, kusan kurakurai iri ɗaya suka maimaita.

Na farko tun a ofishin haya ake yin sa. Kamfanoni da dama da ke ba da hayar irin wannan mota sun hana a hau da ita hanyar tsakuwa, wasu kuma sai an biya ƙarin kuɗi. Mutum ya sa hannu bai karanta ba, mota ta lalace a can cikin daji, inshora ta zame, kuɗin janwe kaɗai ya isa ya cinye guzurin tafiyar gaba ɗaya. Ka ambaci sunan hanyar ƙarara, ka sa a rubuta maka izinin a takarda.

Sai batun taya, wanda nan ne aka fi kuka. A wasu sassan hanyar an shimfiɗa wani irin dutse mai ɓarewa falle-falle, bakinsa da kaifi, yana yanka taya ta gefe inda faci ba ya kamawa. Mai safaya ɗaya, da zarar ya ɗaura ta, ya zama ba shi da komai, alhali da sauran ɗaruruwan kilomita a gabansa. A tafi da safaya biyu cikakku a kan ƙarfensu, da famfon iska, da kayan toshe huda. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: jek ɗin da ya zo da motar sau da yawa ba ya iya ɗaga ta idan an cika ta da ruwa da kaya, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa nutsewa yake yi, kana murzawa yana shigewa ciki, mota ko motsi. Faffaɗan katako mai kauri da za a ɗora shi a kai yana maganin wannan. Ka gwada kwance taya ɗaya tun kana gari, domin idan notin ya cije, gara ka gane hakan kusa da bakanike.

Amma ni a ganina gudu ne uwar matsalar, taya ɗiyarta ce kawai. Idan hanya ta bushe ta yi sumul, ƙafa takan yi nauyi a kan totur. Mota mai ɗaki kuwa doguwa ce, nauyinta a sama yake, birkinta ba ya ci da wuri a kan tsakuwa. Sannan an gina hanyar ne a kan tudun tsakuwa mai kaurin fiye da mita ɗaya, a wasu wuraren fiye da biyu, don kada zafi ya narkar da daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashi. Ma'ana babu kafaɗar kirki da za ka sauka. Gefen taushi gare shi, idan tayar baya ta faɗa, motar kan bi ta. Saboda haka idan ka hango ƙurar tirela, ka rage gudu sosai, ka ɗan raɓe dama ba tare da ka taka bakin gefen ba, ko ma ka tsaya cak har ta wuce. Dutsen da ke fasa gilashi, rabin ƙarfinsa daga gudunka yake samu. A bar fitila a kunne ko da rana tsaka. Idan kuma aka yi ruwa, sinadarin gishirin da ake zubawa don kwantar da ƙura yakan haɗu da laka ya koma santsi kamar sabulu. Ranar nan ba ranar tafiya ba ce. Ka samu wuri ka dafa shayi, ka jira ta sha iska. Wannan lakar tana cin ƙarfe, don haka a wanke ƙarƙashin mota da an isa gari.

Mai kuma lissafinsa a fili yake: daga mararrabar da hanyar ta faro babu gidan mai sai Eagle Plains, kusan kilomita 370. Kuskuren shi ne yin lissafi da yadda motar ke sha a kan kwalta. Hawan duwatsun Ogilvie da iska da laka duk suna ƙara mata ƙishi. A cika tanki a Dawson, a riƙe jarka, a kuma cika a duk inda aka ga famfo, ko da allura ba ta sauka rabi ba.

Wani abin da ke tsayar da mutane shi ne koguna biyu, Peel da Makenzi, waɗanda babu gada a kansu. Da bazarar can jirgin fito ne ke tsallakar da motoci kyauta, da hunturu kuma a kan ƙanƙara ake bi. Tsakanin biyun, lokacin da kogi ke daskarewa da lokacin da yake narkewa, hanya a yanke take na makonni. Ko a tsakiyar bazara, idan Peel ya kawo ruwa akan dakatar da fito. Wanda ya tsara tafiyarsa ƙi-ƙam, da ranar mayar da mota da tikitin jirgin sama a wuyansa, shi ne zai yi gudun da bai kamata ba. A ware kwana biyu ko uku na banza a cikin shiri, a duba rahoton hanya na 511 Yukon kafin a bar inda ke da sabis, domin galibin hanyar waya ba ta kamawa. Wajen hawa jirgin fiton kuma a bi a hankali, a ɗan karkace, saboda wutsiyar doguwar mota takan daki gangaren.

Sunan hanyar ma yana ɗauke da gargaɗi. A Disambar 1910 'yan sanda huɗu, har da jagoransu Sufeto Francis Fitzgerald, suka bar Fort McPherson, ƙauyen da hanyar ke bi ta kusa da shi a yau, da karnuka masu jan kaya a kan ƙanƙara za su Dawson, sun rage guzuri don su yi sauri. Suka ɓata, abinci ya ƙare, babu wanda ya tsira. Kofur William Dempster ne ya gano gawarwakinsu a Maris na 1911, kuma kaburburansu na nan a Fort McPherson. Yau ma abinci da ruwan kwana uku fiye da lissafi, da bargo mai nauyi, ba almubazzaranci ba ne, don ƙanƙara kan sauka a duwatsun Richardson ko a watan Agusta.

Hasken rana shi ma yana ruɗi. Da an wuce layin Arktik, wato iyakar yankin can ƙuryar arewacin duniya, a kilomita 405, a tsakiyar bazara dare ba ya yi. A Inuvik rana takan shafe fiye da kwana 50 ba ta faɗi ba. Direba ya yi ta tuƙi yana ganin da sauran yini, ashe ƙarfe ɗayan dare ta gota, idonsa ya yi jajir. A bi agogo, a toshe tagogi da labule mai duhu. Musulmi matafiyi kuma ya nemi bayanin malamai kan lokutan salla tun kafin ya taso; fatawar da aka fi sani ita ce a ƙaddara da gari mafi kusa da ke da dare da rana. A Inuvik akwai masallaci, wanda aka ƙera a birnin Winifeg da ke kudancin Kanada aka kawo ta mota da jirgin ruwa a 2010, kuma jama'arsa za su nuna maka yadda suke yi.

Wurin kwana ma akwai ƙa'ida. Wasu miƙaƙƙun sassan hanyar filin saukar ƙananan jirage ne na gaggawa, an sa alama, ba a tsayawa a kai. Kada a bar abinci ko shara a waje, saboda ƙamshi na janyo beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, kuma wadda ta saba da abincin mutane ƙarshenta harbi ne. Ƙazamin ruwan tanki a riƙe shi har wurin da aka tanada don zubarwa. Arewacin hanyar ƙasar 'yan asalin wurin ce, mutanen Gwich'in da Inuvialuit, a nan suke farauta da su, don haka idan ka ga rumfar shanya kifi a bakin kogi, ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara.